Yana Isa, Alhamdulillahi

Gidan da muke haya a arewacin birnin Semarang, a tsibirin Jawa, nutsewa yake yi. Ba namu kaɗai ba, duk layin haka yake: ƙasa na sauka, teku na hawa. Sau biyu mai gidan yana zuba ciko yana ɗaga daɓe, har ya zama in zan shiga ɗaki sai na duƙa kamar mai ruku'u, in na miƙa hannu kuma na taɓa kwanon rufi. Bana da na je roƙonsa ya ƙara cikon, dariya ya yi.

"Karsidi, in na ƙara, da rarrafe za ku riƙa shiga. Ni na haƙura da gidan nan, na bar wa teku."

Ruwan ba ya sallama. Rana tsaka, ba hadari ba iska, sai ka ga ya fara ɓulɓulowa ta kwata, baƙi ƙirin, da ƙarnin kifi da warin abin da ba a faɗa. Kafin ka gama kwashe kaya ka ɗora kan gado ya kai idon sawu. Ni dakon ƙanƙara nake yi a kasuwar kifi, ƙafata ta daɗe da daina jin komai. Matata Sumirah tana aiki wurin masu bandar kifi, ita ma ta saba. Wadda ba ta saba ba ita ce 'yarmu Ningrum, kuma ita kaɗai Allah ya ba mu. Tana sakandare. Tsakanin yatsun ƙafarta ya tsage yana ruwa, ciwon ya fara hawa sama. Kullum da safe takan zauna bakin gado ta naɗe yatsun da ƙyalle kafin ta sa safa, tana cije leɓe don kada in ji. Ina ji. Likitan ƙaramin asibitin unguwa ya ba da man shafawa, ya ce in ba a raba ƙafar nan da ruwan nan ba, ciwon zai ci ya shiga ciki. Tun daga ranar ban ƙara cin abinci na ji ɗanɗanonsa ba.

Wani da muke dako tare ne ya ce mini an sami ɗakuna da babu kowa a gidan benen gwamnati da ke can kudu, kan tudu, inda ake ba marasa ƙarfi haya da araha. Ɗakunan kaɗan ne, masu nema kuwa ba iyaka. Na yi kwanaki ina juya maganar kafin in faɗa wa Sumirah.

"Sai an rubuta mu cikin marasa hali fa," na ce mata.

"To da cikin su wa muke, Pak?" ta ce, ba ta ko ɗago daga wankin da take yi ba. Pak dai haka ake kiran magidanci a nan.

Na sa rigata ta batik mai zanen rini, ta zuwa biki, na tafi ofishin gidaje na birni. Na ja lamba na zauna, ina ta addu'a kada in haɗu da wanda ya san ni. Da layi ya zo kaina, ma'aikacin ya karɓi takarduna, ya ce saura shaidar mai unguwa, bayan nan za a turo wanda zai zo ya ga gidan da idonsa.

Mai unguwarmu mutumin kirki ne. Ya buga mini hatimi ba tare da ya ɗaga kai ya dube ni ba, na kuma ji daɗin hakan. Abin da ya ɓata lamarin shi ne matarsa ce ta kawo mana shayi. Kafin in kai gida labari ya riga ni.

Bayan kwanaki aka kira wayar Ningrum, don tawa ba ta riƙe caji. Wata mata ce, muryarta da ƙarfi kamar mai kiran jirgin ruwa daga gaɓa. Ta ce sunanta Bu Marpaung, wato Malama Marpaung, ita za ta zo duba gida, wane lokaci ne ya fi mana? Ban yi dogon tunani ba na ce Laraba da hantsi. Kowa a layinmu ya san a satin nan ruwa da safe yake janyewa, sai bayan azahar ya dawo. Ba ka gayyato baƙo ya zo ya jiƙa takalminsa. Ko mahaukaci a unguwarmu ya san wannan.

Ranar Laraba da sassafe, ruwa na janyewa, Yu Parmi ta leƙo. Ita ce maƙwabciyarmu ta hannun dama. Ta girme ni sosai, shi ya sa nake ce mata Yu, wato yaya, kuma ita ta karɓi haihuwar Ningrum a cikin ɗakin nan ranar da ungozoma ta makara. Ta tsaya bakin ƙofa hannu a ƙugu tana kallo: gado ɗaya a kan bulo, katifata jingine, tukwane rataye a ƙusa, bango da zanen gishiri har gwiwa.

"Wai a nan za ka sauki baƙuwar gwamnati? A ina za ta zauna, kan bokiti?"

"Yu, ai duba gida kawai za ta yi ta tafi."

"Duba gida! Ta koma ofis ta ce mutanen layin nan ko kujera ba su da ita? Kai in ba ka jin kunya mu muna ji. Dirjo! Kai Dirjo! Tashi ka ɗauko kujerun nan."

Mijinta Dirjo, da nake kira Kang don shi ma yayana ne a shekaru, ya fito ɗaure da zane yana hamma, ɗauke da kujerun katako biyu masu kushin, waɗanda ko su ba sa zama a kai sai da Sallah. Wani ya kawo katakai aka jera kan daɓe mai danshi, matar mai unguwa ta aiko da kafet aka shimfiɗa a kai. Aka rataya labule mai furanni ya rufe zanen gishirin. Mai shagon bakin layi ya aiko da fanka. Kang Dirjo ya koma ya cicciɓo talabijin ɗinsu.

"Kang, talabijin kuma na mene ne?"

"Ado ne, ƙanena. Ko ba a kunna ba yana gyara ɗaki. Ni ma tun da ruwa ya shige shi haka nake kallonsa, kuma ban taɓa ganin mummunan labari a ciki ba."

Aka kwashe da dariya. Da aka turo ƙaramin firjin Yu Parmi, sai na buɗe baki zan yi magana, don wallahi wani abu a cikina ya ce mini wannan ba daidai ba ne. Amma mutane na ta zufa saboda kai, tsohuwa na goge maka taga da gefen zaninta, da wane baki za ka ce su kwashe kayansu? Na dubi Sumirah, ta kau da kai ta ci gaba da soya ayaba. Da aka gama kuma na tsaya a ƙofa na dubi ɗakin. Tun da na yi aure ban taɓa ganin ɗakina haka ba.

Ningrum ba ta je makaranta ba ranar, ƙafar ta hana ta. Yu Parmi ta ce ta sa safa da takalmi, kada baƙuwa ta gani ta kasa cin ayaba. Ta sa.

Bu Marpaung ta iso a kan babur. Kakkaurar mace ce mai tabarau, da jaka a kafaɗa. Daga jin maganarta ka san ba 'yar Jawa ba ce, daga arewacin Sumatra ta fito. Ta duƙa ta shigo tana cewa, "Kai, wannan ƙofa ta 'yar tsana ce?" Ta zauna a kujerar Yu Parmi. Mutanen layi suka cika taga da ƙofa, kowa na yi kamar wucewa yake. Sumirah ta ajiye shayi da soyayyiyar ayaba. Baƙo dai sai an roƙe shi an sake roƙo kafin ya taɓa abin da aka kawo masa. Ita kuwa tun kafin a yi mata tayi ta ɗauki ɗaya ta ce da daɗi. Na ji an fara ƙus-ƙus a taga.

Ta ciro waya ta ɗauki hoton firji, da talabijin, da fanka, da kafet. Kang Dirjo daga taga ya ɗaga mini babban yatsa.

"Pak Karsidi, abin da kake samu a dako yana isarku?"

Duk layi na saurare. Mahaifina har ya rasu bai taɓa ce wa wani mahaluki abu bai ishe shi ba, ya ce wannan kamar kai ƙarar Allah ne wurin mutum. Bakina ya amsa da kansa.

"Yana isa, Bu, alhamdulillahi."

"Ruwa yana shigowa ɗakin nan?"

"Yakan ɗan leƙo."

"Yana kaiwa ina?"

"Ba wani abin damuwa ba ne, Bu. Mun saba."

"Akwai mara lafiya a gidan?"

Na dubi Ningrum tana tsaye jikin labule da farar safarta. Ciwon ƙafar budurwa, a gaban mazan layi?

"Kowa lafiya lau, alhamdulillahi."

Ta rubuta, ta shanye shayinta, ta miƙe. In mutum ya ce "yana isa" yana kallon ƙasa, murya can ciki, ai kowa ya san abin da yake nufi. Na ɗauka ita ma ta gane. Na raka ta har wurin babur ina ta godiya.

Tana ɓacewa layi ya kaure da shewa.

"Ka gani ko?" in ji Yu Parmi. "Mun fitar da kai kunya. Yanzu ta san da mutanen kirki take hulɗa, ba za ta ba wasu 'yan iska ɗaki ta bar ka ba."

Aka hau kwashe kaya da sauri, don kwata ta fara ɓulɓula.

Daga nan aka yi ta shiru. Kullum in na dawo daga kasuwa sai in tambayi Ningrum ko an kira, har ta kai tun ina bakin ƙofa take girgiza kai. Da na ji an kira ƙanin abokin aikina ya je ya ga ɗaki, na sake sa rigar batik na koma ofis. Wannan karon Bu Marpaung na tarar zaune a bayan kanta. Akwai gilashi mai kauri tsakaninmu da 'yan huji a tsakiya, ba a jin mutum sai ya ɗaga murya, ga bencuna cike da jama'a a bayana.

"Pak Karsidi! Mai ayaba mai daɗi. Ka yi haƙuri, sunanka na nan, amma can baya. Da waɗanda suka fi matsuwa muke farawa. Kai kana da firji da talabijin, ruwa bai dame ku ba, kowa lafiya. Akwai masu kwana a ƙarƙashin gada. Wataƙila baɗi, in an sami gurbi."

"Na gode, Bu," na ce, har da ɗan rusunawa. Na fito.

A gida na tarar ruwa ya kai rabin ƙwauri. Sumirah na tsaye a ciki tana dafa shinkafa a kan gas ɗin da ta ɗora kan tebur, Ningrum na kan gado tsakiyar kaya ta naɗe ƙafa tana karatu. Na faɗa musu yadda muka yi.

"Allah bai nufa ba, Pak," in ji Sumirah, ta ci gaba da juya shinkafa.

Ningrum ta rufe littafinta. Yarinya ce da ba ta taɓa ɗaga mini murya ba, ranar ma ba ta ɗaga ba.

"Bapak, da ta tambaya ko akwai mara lafiya, ni kake kallo."

"Nduk, 'yata, mutane ne cike da taga."

"Na sani. Ni ma na ji kunya. Amma su sun kalla sun tafi. Ni da ƙafar nake kwana."

"Ningrum, babanki ne fa," uwarta ta ce.

"Yi haƙuri, Bapak."

Ta warware ƙyallen don ta sake shafa magani, na ga wurin. Ya wuce inda na san shi, ya yi ja ya kumbura har saman ƙafa. Na fita na tsaya a layi cikin ruwa, ban san inda zan nufa ba.

Washegari ban je kasuwa ba. Da rigar dako na tafi ofis, ba don wata dabara ba, ta batik ɗin ce ta faɗa ruwa. Na ja lamba na jira. Da na isa gilashin na sunkuya na yi magana a hankali.

"Me ka ce, Pak? Ɗaga murya."

"Na ce firjin ba nawa ba ne."

"Na wa ne?"

"Na maƙwabciya. Da kujerun. Talabijin na mijinta ne, ba ya ma aiki. Kafet na matar mai unguwa ne, fanka ta mai shago. Labulen ban san ko na wa ne ba."

Wani a benci ya tuntsire da dariya, matarsa ta zungure shi. Bu Marpaung ta cire tabarau ta ajiye.

"Ayabar fa?"

"Ita tamu ce, Bu."

"To madalla, aƙalla ban ci ta aro ba." Ta murza idanu. "Pak, na daɗe a aikin nan. Na ga mai ɓoye babur a gidan surukinsa, na ga mai cire zoben gwal ta jefa a baki da ta hango ni. Waɗannan na iya kama su. Amma ku mutanen nan sai kun kashe ni. Mu a garinmu in mutum ya ce ya isa, to ya isa. In bai isa ba zai faɗa, har na ƙetaren titi su ji. Da bakina na tambaye ka. To zan sake tambaya. Abin da kake samu yana isarku?"

Na riƙe bakin kanta da hannu biyu.

"Ba ya isa."

"Gilashin nan, Pak. Ban ji ba."

"Ba ya isa! Ruwa na kaiwa ƙwauri, wani lokaci gwiwa. Ƙafar 'yata na ruɓewa."

Ban taɓa jin muryata haka ba. Wata tsohuwa a bayana ta ce, "Allah sarki, bawan Allah." Wannan ya fi dariyar yi mini ciwo.

Bu Marpaung ta ce maganar baki ba ta goge hoto, sai ta sake zuwa, kuma kada in ɗauka ta yi mini alkawari, don an riga an raba kusan duka ɗakunan.

"Yaushe ruwan ya fi cika?"

"Jibi da la'asar, Bu."

"To jibi da la'asar. Kuma in na ga ko cokali na aro, ni da kai mun gama."

Saura Yu Parmi. Na same ta a dakalinta tana yanka tempe, wainar waken soya. Na zauna muka gaisa, na yi ta kewaye-kewaye kan tsadar shinkafa da ciwon bayan Kang Dirjo, har ta gaji.

"Karsidi, in magana ce ta kawo ka, faɗi."

"Baƙuwar nan za ta dawo jibi, Yu. Da la'asar."

"Da la'asar? Ruwa fa! Kira ta ka ce ta zo da safe. Kujerun na nan."

"Yu, ta ce kada a kawo komai. Kayan nan ne suka sa aka maida ni baya."

Ta ajiye wuƙa.

"Wato mu muka cuce ka."

"A'a, Yu, wallahi ba haka nake nufi ba."

"Ka je ka gaya mata kayan namu ne? A ofis? Gaban mutane?" Na gyaɗa kai. "Ka kira sunana?"

"Maƙwabciya kawai na ce."

"Mu mun rufa maka asiri, kai ka je ka tona na layi gaba ɗaya. Yanzu ta ɗauke mu maƙaryata. Ni da furfurata."

Ta kwashi tempenta ta shige ciki.

Bu Marpaung ta zo da dogon takalmin roba, ta bar babur a bakin titi. Ranar ruwan bai ji kunyar kowa ba, ya kusa gwiwa, leda da ɓawon kwakwa na yawo a tsakar ɗaki. Babu kowa a taga. Duk ƙofofin layi a rufe suke, amma na san ana leƙe ta kafar ƙofa. Ta tsaya a tsakiyar ɗaki don babu wurin zama. Ta ɗauki hoton bango, da bulon da ke ƙarƙashin gado, da bakin kwata. Sumirah, tsaye cikin ruwa, ta miƙa mata shayi da hannu biyu a kofin da mariƙinsa ya karye, tana ba da haƙuri cewa yau babu abin haɗawa.

"Ina mara lafiyar?"

Ningrum da kanta ta matso bakin gado ta warware ƙyallen. Bu Marpaung ta duƙa ta duba. Ta daɗe ba ta ce komai ba, abin da ban zaci ta iya ba. Sannan ta tambayi yarinyar, ba ni ba, ko ta yarda a ɗauki hoto. Ningrum ta ce e. Ni na juya na fuskanci bango. Ni ne uban, ga ni tsaye ana ɗaukar hoton abin da na kasa hanawa.

Da za ta fita ta bugi saman ƙofa da goshi, ta faɗi wata magana da yarensu wadda ba na jin addu'a ce. A waje ta tsaya ta ɗauki hoton gidajen layin duka, jere cikin ruwa. Na ga labulen tagar Yu Parmi ya motsa.

Ɗakin da aka ba mu a hawa na biyar yake, can ƙarshe, wanda wasu tsofaffi suka ƙi saboda matakala. Daga can zuwa kasuwar kifi sai ka canza mota. Na sa hannu tun ban je na gani ba.

Ranar tashi mazan layi suka fito taimako kamar yadda aka saba. Aikin bai ɗauki lokaci ba. Duk kayanmu ba su cika rabin a-kori-kura ba, kowa kuma ya gani. Kang Dirjo ne, da ciwon bayansa, ya goyi Ningrum ya kai ta mota don kada ta taka caɓi. Yu Parmi ba ta fito ba.

Ba a barin unguwa ba a nemi gafarar manya ba. Na je ƙofarta na durƙusa na yi sallama.

"Yu, za mu tafi. Duk abin da muka yi miki, wanda muka sani da wanda ba mu sani ba, ki yafe mana."

Ina jin ƙarar kwanuka, tana wanke-wanke. Can ta yi magana daga ciki, ba ta buɗe ba.

"Ka kai yarinyar nan babban asibiti, kada ka tsaya wa man shafawa. Kuma ka ce wa Sumirah ta riƙa ɗaure shanya, iskar sama ɓarauniya ce."

"To, Yu."

"Matar nan ta ɗauki hoton gidana?"

"Ta ɗauka, Yu. Na kowa ta ɗauka."

"Da tsummokarana a waje."

Na jira ko za ta ce ta yafe, ba ta ce ba. Direba ya yi ta danna oda, don ruwa ya fara tasowa a bakin layi kuma ba ya son ya maƙale. Na miƙe na bi gefen bango na hau bayan motar, na zauna kan katifa na sunkuyar da kai. Mutane na ta ɗaga hannu. Sumirah ce ta ɗaga musu.